Kafin ka sayi batir na uku

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Gada baki ɗaya. Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai hazo da sanyi, da gwiwar nan tawa da ba ta shiri da hunturu.

Innarka ta faɗa mini abin da ka kasa faɗa mini da bakinka. Wai Hilux ɗin ta ƙi tashi ranar da ka yi lodin albasa, sai da 'yan dako suka tura ta, kuma kana neman a ranta maka kuɗin sabon batir. Na ƙirga, wannan zai zama na uku cikin shekara ɗaya da rabi. Na so in kira ka, sai na tuna waya da kai ba ta wuce "to Baba, to Baba", kana ajiyewa shi ke nan. Takarda kuwa ka iya cusa ta a aljihun mota, ka ɗauko ranar da ka buɗe bonet.

Ka san randar da ke tsakar gidanmu. In aka wayi gari babu ruwa a cikinta, innarka ba ta zuwa kasuwa sayen wata. Tambaya take yi: mai ga-ruwa ya zo jiya? Yara sun kwashe da dare? Ko gindinta ne ya tsage? To batir randa ne. Ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. Altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji in injin na aiki, ita ce mai ga-ruwa. Kai kuma randa biyu ka fasa ba ka taɓa tambayar ko ana zuba ruwan ba.

Ni ma na yi irin wannan wautar, kada ka ce ina yi maka gori. Zamanin mulkin Shagari, ina jan a-kori-kura Peugeot 404 tsakanin Sakkwato da Illela, ta riƙa yi mini irin abin da taka take yi. Na sayi batir, wata biyu ya kwanta. Na koma wurin mai shagon muka yi ta cacar baki, na ce jabu ya sayar mini, ya ce Allah ya isa. Na sake sayen wani a wani wuri. Ran nan dab da Gwadabawa, da almuru, ta mutu da mutane cike a baya. Wani tsohon rewaya da ke cikin fasinja ya karɓi tocila, ya bi wayar nan mai kauri da ta tashi daga kan batir ta ɗaure a jikin mota, ya taɓa ta da yatsa, sai ga ta tana lilo, notin ya ci tsatsa. Ya kankare da wuƙa, ya ɗaure, mota ta tashi bugu ɗaya. Har yau ina jin kunyar mai shagon nan, ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Saboda haka fara da ido da hannu. Kama kan batir ka murɗa. In ya juya a hannunka, ka samu ɓarawo ɗaya. Na san abin da ake yi a tasha, a buga ƙusa ko a cusa gwangwani a tsakani, a ce an gyara. Sayi sabon kai, kuɗinsa bai kai na abincin rana biyu ba. Farin garin nan mai kama da gishiri da ke taruwa a kai yana tare wuta. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke, za ka ga yana kumfa, amma ka kula kada ɗigo ya shiga ramukan batirin, don kanwa kashe ruwan batir take yi. Ya bushe, ka ɗaure, ka shafa giris kaɗan. In za ka kwance, fara cire baƙin kai mai alamar ragi, in za ka mayar shi ne na ƙarshe. In ka fara da jan kai, sifana ta taɓa ƙarfen mota, za ka ga walda ba ka shirya ba. Ka goge saman batirin ma, ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin ruwan batir hanya take zama, wuta na bi ta kai a hankali. Sannan ka duba ko a ɗaure yake. Batirin da ke tsalle a mazauninsa a kan hanyoyin ƙauyukan nan, farantan cikinsa zubewa suke yi.

Daga nan sai mita, abin auna wuta. Na ba direban da ya kawo maka takardar nan mitata, 'yar rawayar nan, ka karɓa. Juya ta wajen V mai miƙaƙƙen layi, a kan 20, jan tsinke a jan kai, baƙi a baƙi. Da asuba za ka auna, bayan motar ta kwana, kafin ka taɓa makulli. Lafiyayyen batir cikakke yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2, rabi ya rage. In 12.0 ne, saura kwata, kuma kada lambar ta ruɗe ka don ka ga sha biyu. In kuwa ya tsaya wajen 10.5 ko bayan an yi masa caji, ɗaki ɗaya cikin ɗakuna shidan da ke cikinsa ya mutu, wannan babu malamin da zai tashe shi.

Ka bar mitar a jiki, yaron motarka ya buga kik kana kallo. Lambar za ta faɗi, dole ne, amma kada ta yi ƙasa da 9.6. Da ta tashi, ka sake dubawa: tsakanin 13.8 da 14.5 ake so. Kunna fitilu da fanka, ka ɗan taka mai. In ta zauna sama da 13.5, mai ga-ruwa na zuwa. In ta koma sha biyu da wani abu tana ta sauka, to batirin kaɗai ke ɗauke da motar, kuma ko sabo fil ka sa, kwana kaɗan zai bi 'yan uwansa. Kafin ka zagi altaneta, danna fambel da babban yatsa. Bai kamata ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ba, kuma in yana ƙara da safe ko ya yi sheƙi, zamewa yake yi. In fambel lafiya, sai a buɗe altanetar. Sau da yawa kabon ne ya cinye, ko katawut mai daidaita yawan cajin, abin da rewaya zai canza a zama ɗaya. Akwai kuma akasin haka: in mita ta haura 15, dafa batirin ake yi. Za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, cikinsa ya kumbura, ruwa na ƙonewa.

Wani abu da nake roƙonka, kada ka bar kowa ya cire kan batir injin na aiki wai don a ga ko tana caji. Mu mun yi a zamaninmu, motocinmu ba su da ƙwaƙwalwa. Taka tana da ita, kuma wutar da za ta yi tsalle a lokacin tana iya ƙone ta, kuɗinta kuwa ya ninka na batir. Haka masu gwada batir da tartsatsin waya. Batir na fitar da iska mai kama wuta, musamman in ya sha caji. Ban da sigari, ban da ashana a kusa.

Yanzu ga inda nake zargi, kuma kai ma ka sani. Da ka zo Sallah na ga fitilar nan doguwa da ka ɗora a saman mota, da lasifikokin da ke bayan kujera. Wa ya haɗa su, kuma daga ina ya ja wutar? In kai tsaye daga batir ne, ba ta bayan makulli ba, suna iya sha duk dare kana barci. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire baƙin kai, a sa mita tsakanin kan da wayar, a wajen auna amfiya. Abin da ya wuce kamar 0.05 ya yi yawa. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, nan ɓarawon yake. In an zare duka ba ta faɗi ba, a cire wayoyin altaneta, don dayod ɗinta, mai hana wuta komawa baya, in ya lalace, wutar da ta zuba da rana ita take janyewa da dare. Kada a buga kik mita na wannan hali, ƙonewa za ta yi.

Ƙanenka kuma ya ce mini lokacin zafi kana cire batirin ka kai ɗaki don fanka da cajin waya. Ban ga laifinka ba, na san daren Afrilu a ƙasar nan, ga amarya. Amma batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan a mayar masa nan take. In ana tatse shi har ƙasa, ko sau goma ne, ba ya komawa yadda yake. Na sola daban ne, shi aka yi wa wannan aiki. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya koyi kashe mota a kowace tsayawa. Daga rumbu zuwa kasuwa, a kashe, a tayar, a kashe. Tafiyar minti biyar ba ta biyan abin da kik ya ci.

Mutane na ɗora wa sanyi laifi don da sanyin safiya mota ke ƙin tashi. A garin nan bazara ce ke kashe batir, hunturu jana'iza kawai yake yi. Zafin da ke haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet, yana ƙone ruwan ya ci farantan. In naka mai murafu ne, buɗe duk wata ka leƙa, ruwa ya rufe farantan. In ya ja baya, tataccen ruwa na kwalba za ka ƙara. Ba na rijiya ba, ba na leda ba, ba kuma asid ba, ko da mai caji ya ce zai ƙara masa ƙarfi. Ruwan ne ke tashi, asid ɗin na nan.

In ya tabbata batirin rauni kawai ya yi, kai shi caji a hankali. Mai amfiya 75 yana son kamar amfiya 7, ya kwana a kai. Cajin gaggawa na awa ɗaya ba ya kai ko'ina. In kuwa ya mutu, to sai a saya, amma bayan an kama abin da ya kashe shi, kuma ka sa a auna sabon a gabanka, don wani ya daɗe a kanta yana shan zafi.

Lamba uku nake jira: ta asuba, ta lokacin kik, da ta bayan ta tashi. Ka turo wa ƙanenka ya karanta mini. Kuɗin suna nan wurin innarka, na ce ta riƙe sai na ji su. Mitar kuma aro ce, ka dawo mini da ita.

Ka gaida maiɗakinka da surukanka. Innarka ta ce albasar bara ta yi saurin ruɓewa, wannan karon ka zaɓo mata busasshiya. Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Sakkwato