Zuwa ga Auta, a Kano

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maigidanka da yaran shago. Mu ma nan kalau, sai ƙafar Innarku da kan tashi in sanyi ya shigo.

Mijin yayarka ya zo ranar Juma'a, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai kai ke riƙe da wani guruf na WhatsApp inda ake ta shirin fita titi in aka sake ƙara kuɗin mai. Gyaran waya na kai ka Farm Centre ka koya, Auta. Ban gaya wa Innarku ba, kai ma kada ta ji a bakinka.

Na san amsar da za ka ba ni, don ka riga ka faɗa a gaban yayyenka ranar Sallah, cewa mu tsararmu tsoro ya cinye mu. Na haɗiye saboda baƙi. Ni nake yin awo a gidan nan, ba wanda zai koya min tsadar rayuwa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masara da kuɗin mota suka bi bayanta. Ga yara sun gama karatu suna zaman dakali, ɗan sanda ya tare su ya kama binciken waya babu dalili. Haushi haka yake taruwa a gari shekara da shekaru, ranar da ya tashi fashewa kuma ko gardamar kuɗin adaidaita ta isa.

Amma kana cikin garin ranar 1 ga Agustan 2024. Da safe masu kwalaye ne suka fito suna kukan yunwa. Kafin azahar titi ya koma hannun 'yan daba, yaran nan da 'yan siyasa ke tarawa lokacin zaɓe da ƙwaya da 'yan kuɗin kashewa, a watsar da su da an rantsar. Aka fasa cibiyar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) da ko buɗe ta ba a yi ba, kujeru da kwamfutoci a kan mutane. Barkonon tsohuwa ya biyo, harsashi ya biyo, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mai shayin layinku da ba ya ci sai ya fita, shi ya kwana da yunwar.

Yadda masu mulki ke bi da abin kuwa na haddace shi. Kafin ranar, an ce an tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, aka tara malamai da sarakuna su lallashi jama'a. Ranar 4 ga wata shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce ya ji, a koma gida a tattauna. Da tutar Rasha ta bayyana kuma, zancen yunwa ya mutu, aka koma neman masu ɗaukar nauyi, har teloli aka kama. Ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24, 'yan sanda suka musanta. 'Yan adawa suna zuga ku a rediyo, ko ɗan ɗayansu ban ji an gani a titi ba. A 2011 ma, bayan rikicin zaɓen da ya ci sama da mutum 800, Jonathan ya kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, cikin abin da kwamitin ya gano har da cewa ba a aiki da rahotannin kwamitocin baya. Kawunka yana nan a ɗakin soro tun shekarar, kana ganinsa.

Abin da ke hana ni barci shi ne kame. Motar 'yan sanda in ta shigo lungu ba ta tambayar wa ya riƙe kwali, wa ya ɗauki kujera, wa ya fito sayen burodi. Ka ga yaran nan da aka kawo Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba. Kusan wata uku a tsare, haƙarƙari a waje, wasunsu ba su kai ka shekaru ba, huɗu suka zube a gaban alƙali. Ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, aka sa belin kowane naira miliyan 10. A shagon mai cajin waya na kalla, na sa aka maimaita min ina duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, alhali na san kana shago lafiya. Sai da duniya ta yi ca kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su, aka kai su Villa aka miƙa wa gwamnoni ana ɗaukar hoto. To wanda babu kyamara a kansa fa? Gaya min, in gidan nan da gonar fadama na sayar, sun kai miliyan 10? Wa na sani a Abuja? Kuma wanda sunansa ke saman guruf shi za a fara nema, wayarka kaɗai ta isa shaida. Kai da ke buɗe cikin waya kullum ka fi ni sanin haka, shi ya sa sakarcin ya fi ba ni haushi.

Ban ce ka zama kurma ba. Ka karɓo katin zaɓenka da ke ta zama a ofishin hukumar zaɓe, ka yi magana a ƙungiyar 'yan kasuwarku inda aka san ka, aka san ubangidanka. Amma ka fita daga guruf ɗin nan yau, ka kira ni bayan isha'i ka ce min ka fita. In ka ji gari ya fara motsi, ka rufe shago ka tafi gidan Gwaggonka ta Gwammaja, na riga na yi mata magana.

Sunan yayarka zai kama ƙarshen wata, ka taho da man zafin Innarku, irin na wancan karon. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.

Mahaifinka.