Wasiƙar godiya ga kafintocin Zangon Agege da suka haɗa wa mahaifina kujera

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam mai shagon kafinta na layinmu a Zangon Agege, da yaransa duka. Na yi muku godiya baki da baki, amma na ga ya dace in rubuta ta a fili, domin 'yan'uwanmu mazauna Legas su san akwai inda ake aikin katako da amana.

Tun da mahaifina ya zo daga Katsina don jinyar ciwon baya, zaman tabarma ya gagare shi, kujerar roba kuma ba ta barinsa ya kishingiɗa. Wanda ya san ɗakunan haya na Agege ya san babu inda za a cusa babbar kujera. Abin da nake nema shi ne irin kujerar nan mai naɗewa da ake gani a bakin teku, wadda asalinta ta matafiya jirgin ruwa ce: firam na katako, da yadi guda ɗaya mai kauri daga kafaɗa zuwa gwiwa, a shimfiɗa ta da safe a baranda, a naɗe ta da dare a jingine bayan ƙofa. Hoto kawai na nuna muku a waya.

Abin da ya fara burge ni shi ne maganar katako. Kun ce min obece ya fi araha kuma ba shi da nauyi, amma yana da laushi, ramin da noti ke juyawa a ciki zai yi ta faɗi har kujerar ta fara rawa. Kuka ba ni shawarar iroko, wanda mu muke kira loko, saboda yana jure danshi kuma gara ba ta cika cinsa ba. Kuma ba ku yarda da ɗanyen katako ba. Duk wanda ya taɓa ratsa Oko Baba, matattarar masu tsaga katako a Ebute Metta, a shekarun baya ya ga yadda gumagumai ke kwance cikin ruwa kafin a tsaga su. Katakon da bai bushe ba, in aka yi aiki da shi, sai ya karkace bayan an kai gida. Kuka ce in yi haƙuri ku samo busasshe. Wani kafintan da tuni ya karɓi kuɗi ya buga da abin da ya samu.

Na tsaya a shagon ranar da ake haɗawa. Firam uku ne: dogo na jingina, na mazauni, da ɗan ƙarami mai tokarewa daga baya. Duk inda biyu suka haɗu kun sa noti da washa (ɗan faifan ƙarfe mai huda) a tsakani, don katako kada ya riƙa cin ɗan'uwansa, kuma kun zaɓi ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan ba ƙaramin tunani ba ne a garin da iskarsa ke ɗauke da gishirin teku, damina kuma ta yi ta zuba daga Afrilu har Yuli kamar ba za ta ɗauke ba. Sai matakalan nan da ake yankawa a ƙafar baya, inda sandar tokarewa ke zama. Yaronku ya yanka su a miƙe, Malam ya duba ya ce, "A'a, karkata su ciki, tsoho ne zai zauna, in ta zame ba mu da bakin magana." Aka sake yanka, ko tsaki ban ji yaron ya yi ba. Bayan nan aka bi kowace kusurwa da samfefa har babu inda zai kama riga ko ya yanki hannu.

Yadin kuwa ni na sayo a kasuwar Balogun, mai kauri irin na tanti, telan da ke maƙwabtaka da ku ya ɗinke. A nan ma hikimarku ce ta yi aiki. Maimakon a buga shi da ƙusa, kun sa an yi masa kalmasa sama da ƙasa, aka zura siririyar sanda a ciki, ta yadda uwargida za ta iya zare shi ta wanke ta mayar. Kuka kuma rage tsawonsa kaɗan. Ban gane dalili ba sai da kuka bayyana min cewa yadi in ya yi tsawo mutum nutsewa yake yi, tashi ya zame wa dattijo aiki. Kafin ku miƙa min, kun ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyu a kai, kuka bar su har muka dawo daga sallar La'asar. Kuka nuna min inda ake riƙewa wajen naɗewa, kuka ja min kunne kan yara, don tana datse yatsa.

Kuɗin da muka yi ciniki a kai tun farko shi kuka karɓa, duk da sake yankan da aka yi. A Legas ɗin yau, ni ɗan kasuwa ne, na san abin da hakan yake nufi.

Baba yanzu a kanta yake jan carbi yana sauraron rediyo, a mataki na biyu, wanda ya ce shi ya fi yi masa daɗi. Ya ce in gaya muku Allah ya yi albarka, ya sa yaran nan su gaji hannunku. Ni ma haka nake roƙo, Allah ya ƙara buɗi. Limamin masallacinmu ya zo dubiya ya gan ta, ya ce shi ma yana so, don haka ku fara neman busasshen loko.

Naku,
Wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, Legas