Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa, ga abin da ƙungiyarmu ta masu rubuta manhaja ta yi a bana.

Ajin koyar da yaren rubuta manhaja na Python na ranar Asabar ya ci gaba, azumi ne kawai ya sa muka ɗan dakata, kuma ɗaliban BUK sun fi kowa zuwa, Allah ya yi musu albarka. Maganar kuɗin wata-wata ma'aji zai kawo nasa bayanin daban.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne gyaran yadda manhajar lissafin kaya da muke yi wa 'yan Kantin Kwari take karanta saitinta. Duk wanda ya taɓa buɗe kod ɗin ya san halin da ake ciki, adireshin rumbun bayanai yana cikin wannan fayil, kalmar sirri tana wancan, wani saitin a fayil mai tsarin YAML wani kuma an rubuta shi kai tsaye a tsakiyar kod, in za ka ɗora manhajar a kwamfutar sabon shago sai ka wuni kana lalube, in ka manta guda ɗaya ba za ta ce maka komai ba sai mai shago ya zo buga rasit ga kwastoma a tsaye sannan ta maƙale.

Yanzu ƙofa ɗaya ce. Saitin yau da kullum yana cikin fayil ɗin TOML (wani tsarin rubuta saiti) guda, tunda daga Python 3.11 da ta fito a 2022 akwai tomllib mai karanta TOML a ciki, ba sai an sauke komai ba, ga sauƙin data. Abubuwan sirri sun koma wani fayil mai suna .env, shi kuma an sa shi a .gitignore, wato jerin fayilolin da Git, ma'ajin tarihin kod ɗinmu, ba zai ɗauka ba. Tsofaffin kalmomin sirrin duk an canza su, don Git ba ya mantuwa, ko ka goge layin yana nan a tarihi. Kuma da an kunna manhajar take duba komai, in akwai abin da babu ta faɗi sunansa ta tsaya nan take.

Wasu sun yi ƙorafin an ɓata watanni ba a ƙara ko maɓalli ɗaya ba. Gaskiya ne mai shago ba zai ga bambanci a fuskar manhajar ba, amma wallahi a ganinmu ba aikin da ya kai wannan amfani a bana, sababbin mambobi ma yanzu suna tayar da ita a laftof ɗinsu ba tare da sun kira kowa ba.

Saura rubuta gwaje-gwaje na wannan ɓangaren da bayanin saitin da Hausa, insha Allah da su za mu fara a shekara mai zuwa. Mai son shiga ya yi wa sakatare magana a guruf ɗin WhatsApp kafin zama na gaba.