Wasiƙa Daga Daura: Ka Bar wa Lambu Wuri

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Fatakwal, na rubuto ne game da gidan da kake ginawa a nan Daura. Magini ya shaida mini cewa ka ce a malale tsakar gidan da siminti gaba ɗaya, ni kuwa ina roƙonka don Allah ka bar fili a jikin katangar yamma, inda hantsi zai riƙa samun shuka, katangar kuma ta kare ta daga zafin ranar la'asar.

Na san za ka ce ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa. Haka ne, amma maganinta taki. Kashin awaki da na tumaki idan ya ruɓe aka cuɗa shi da ƙasa, sai ka ga komin ya yi duhu yana riƙe laima har washegari. Kashin kaji ya fi ƙarfi, sai dai idan aka zuba shi ɗanye yakan ƙone saiwa, don haka a tara shi gefe ya huce tukuna.

Abin da ya fi taki muhimmanci shi ne sanin lokaci, domin ba kamar wajenku ba ne da ruwa ke kusan zagaye shekara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kuɓewa da rama da yakuwa da alayyahu ba sa ba da wahala. Tumatir kuwa ɗan hunturu ne, shi da albasa da karas da latas. Akan yafa irin tumatirin wajen Oktoba, a dasa bayan kamar mako 4, ya yi fure cikin sanyi. Wanda ya makara har bazara ta riske shi zai ga furen yana kaɗewa saboda zafin Maris da Afrilu, komai yawan ban ruwan da ya yi. Ka tuna tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016 har ya gagari talaka? Tana nan ba ta tafi ba, shi ya sa nake duba ganyen nawa kowace safiya, in tsinke duk wanda na ga ta yi wa farin zane a ciki. Ƙananan ƙwari kuma, 'ya'yan bedi, wato darbejiya, nake dakawa in jiƙa su kwana, in tace in yayyafa da yamma.

Batun ruwa kada ya tsorata ka. Ruwan alwalar gida kawai, idan aka yi masa hanya zuwa gindin gwanda, ya ishe ta, kuma takan fara 'ya'ya cikin shekara guda, muddin ruwa bai kwanta mata a gindi ba. Zogale ko reshensa ka kafa zai kama. Mangwaro ka nemi mai aure, wanda ke haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, amma a nisanta shi da katanga saboda saiwa da inuwa.

Ka sanar da magini kafin ya kai ga wurin. Idan ka amince, ni zan kawo taki da dashen gwaiba da lemun tsami daga nawa lambun, in kula da su har Allah Ya dawo da ku. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini