Sanarwa ga masu son ƙara izinin bas a lasisin CDL (lasisin tuƙin motocin kasuwanci a Amurka)

Assalamu alaikum ƴan uwa direbobi na nan Amurka, barkanmu da aiki.

Ranar Asabar bayan la'asar akwai zama a masallaci don masu neman izinin P (na ɗaukar fasinja) ko S (na bas ɗin makaranta). Tun 7 ga Fabrairu 2022 sai an yi horon ELDT (horon dole ga mai neman izinin karo na farko), kuma sai takardar koyo ta yi kwana 14 a hannu kafin gwajin tuƙi. Ba a ba da S sai da P.

A kula da bas ɗin gwaji. Mai lasisin Class A (ajin da ya fi girma, sai B, sai C) da ya gwada da bas ɗin Class B, alamar takunkumi ta M za a buga masa a lasisi, ba shi ba bas ɗin A. In bas ɗin Class C ce, alamar N ce, har B ta kuɓuce masa. Don Allah kar arha ta ja ku ga ƙaramar bas.

Kowa ya zo da lasisinsa mu duba tare. Allah Ya kiyaye hanya.