Inna, ina da aike wurin dukawan Tawa

Burusel, Lahadi 26 ga Oktoba

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan taki? Ya kaka? Auta ya ce gero ya yi dama-dama bana, Allah ya sa albarka. A gaida Kawu da mutanen gidansa, da Gwaggo, da maƙwabta har bakin masallaci. Mu nan lafiya lau, maigidan yana gaishe ki, jikokinki kuma lakwal ta ɗauke su. Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa guda, yanzu lokacinmu ɗaya da na Tawa har ƙarshen Maris, sai Auta ya huta da lissafi in zai kira.

Auta, kai ne mai karatu. Ka karanta mata a hankali kada ka tsallake, don akwai aike a ciki kuma ƙafarka ce za ta yi shi.

Inna, kin tuna tsohuwar da nake ba ki labari, wadda ƙofarta ke kallon tamu a hawa na biyu? Ran 29 ga Nuwamba za ta cika shekara 80. A 1945 aka haife ta, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, kuma ta san ranar, ta san har awar. Ɗiyarta da ke zaune can wani gari za ta zo a yanka gato, an ce mu ma mu shigo da yara. A nan ba a shiga irin wannan wuri hannu rabbana. Sati biyu ke nan ina juya abin da zan kai mata, har maigidan ya ce ko lefe nake haɗawa.

Na san Kawu zai ce bikin ranar haihuwa ba namu ba ne. A gaya masa ban ce namu ba ne, ni ban taɓa yi wa kaina ba. Bashi ne zan rage. Shekarar da aka kwantar da ni na haifi ƙaramar, matar nan ce ta riƙa ɗauko babban daga lakwal kwana tara, da sandarta, cikin ruwan sama. Mabuɗin gidanmu na biyu yana wurinta. Takardar gwamnati in ta zo da Faransancin nan nasu mai ƙaya, ita ke sa tabarau ta warware mini. Ta san ba mu cin alade, ba ta taɓa miƙa wa yaro abu ba sai ta juya kwalin ta karanta. Kuma Kawu da kansa ya karantar da mu cewa Nana A'isha ta tambayi Annabi (SAW), tana da maƙwabta biyu, wa za ta ba kyauta? Ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. To tsakanin ƙofarmu da tata taku uku ne.

Da farko na ce cakulan. Sai na yi wa kaina dariya, kai wa ƴar Beljik cakulan ai kai albasa Galmi ne. Ga shi ma tana da ciwon suga.

Sai fure. Nan ne Allah ya rufa mini asiri. Satin nan duk inda kika juya furanni ne cikin tukwane, masu ruwan ɗorawa da farare da jajaye, cunkus kamar an jera dammunan hatsi, kuma da araha. Na tsaya gaban wani kanti na ce wannan zan saya in lokaci ya yi, har na ɗauki hoto na nuna wa wata da muke aiki tare. Ta dafe ƙirji ta ce kada in kuskura. Ashe furen maƙabarta ne! Ran 1 ga Nuwamba suke zuwa ziyarar kaburburan iyayensu, shi suke ajiyewa bisa kabari, shi ya sa ya cika gari. Inna ki duba, in shiga ɗakin mai shekara 80 rungume da furen kabari ina mata barka. Da da wane ido zan ƙara kallon ɗiyarta?

Turaren wuta ma ya zo mini a rai, don kullum in ta wuce ƙofarmu sai ta ce gidanmu yana ƙamshi. Amma kowane gida nan akwai wata ƴar na'ura a rufin ɗaki mai ihu in ta ji hayaƙi. Ni kaina ta taɓa tara mini mutanen bene, ina tsaye da kasko a hannu ina ba da haƙuri. Tsohuwa mai mantuwa da garwashi, a'a. Kilishi da cuku kuwa, ko haƙoranta za su iya, duwan ba ta bari a shigo ƙasashen Turai da nama ko kayan nono cikin akwatin matafiyi, karɓewa suke a zubar. Ki riƙe wannan, don na san halinki, duk mai tahowa sai kin cusa masa ƙullin wani abu. Atamfa, wa zai ɗinka mata, ta sa ta je ina?

Abin da na daɗe a kansa shi ne sarƙar azurfa, irin ta maƙeran Buzaye, mai alamar garinmu. Kowa ta Agadas ya sani, alhali Tawa ma da tata cikin alamun garuruwa 21 da suke ƙerawa. Na so a ce ta rataya sunan garinmu a wuyanta. Sai rannan na ga tana fama da maɓallin rigar sanyinta, yatsun duk sun kanannaɗe da amosanin gaɓɓai, minti nawa ba ta sa ɗaya ba sai da na sa mata. Wadda maɓalli ya gagara, ƙugiyar sarƙa a bayan wuya fa? Akwati za ta shiga. Kuma Inna, gidan matar nan cike yake da abin da ke cikin akwati. Kofuna jere cikin gilashi ba mai sha da su, agogon bango uku, ƴan gumakan ado bisa kowane tebur. Da bakinta ta ce mini yanzu rabarwa take, don kada ɗiyarta ta sha wahalar kwashewa in ta tafi. Na ce Allah ya ƙara nisan kwana, ta yi dariya ta ce kwanan ya yi nisa ai.

Ranar Laraba na kai mata miyar kuɓewa, tana so in ban cika tanka ba. Na tarar da ita bisa kujerarta ta bakin taga, inda take wuni tana kallon taram, jirgin ƙasan cikin gari, yana wucewa. Likita ya ce ta riƙa ɗaga ƙafafu saboda kumburi, idon sawun ya yi suntum har bakin safa ya yi mata zobe a fata. To kin san bisa me ta ɗora su? Wani kwalin madara da ta cika da tsofaffin jaridu, gefensa ya lotsa, ta naɗe shi da salatif. In ta motsa sai ya zame, ta sa sanda ta jawo shi. Ina tsaye da kwano a hannu sai tumtum ɗin marigayi Baba ya faɗo mini, jan nan na zaure da yake jingina a kai in yana sauraren kokowa a rediyo, wanda muka yi ta hawa har ya baje bai yage ba. Na ce shi ke nan, an gama.

To ga aiken. Auta, ka raka Inna wurin dukawa, amma ita za ta zaɓa, kai ciniki da ɗauka ne naka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kai kuma na san ka, wanda ya fi ƙyalli za ka ɗauko. Fatar akuya nake so, mai laushi, ja irin na karan dafi da ɗan baƙi, ba mai fenti ba. Kada a ɗauko mai tarkacen ado da tuntaye, za su kama mata safa ko sanda. Tsayinsa in an cika kada ya wuce kamu biyu, faɗin kuma ya ɗauki ƙafa biyu a sake. A juya cikinsa a duba ɗinkin. Sannan Inna, don Allah ki sa hanci ki shinshina. Fatar da ba ta ji bagaruwa sosai wurin jima ba, a zafin Tawa ba a jin komai, amma ta shigo damshin ƙasar nan, ɗaki a rufe wata biyar, sai ta tashi da ɗoyi. Wata ƴar Maradi da ke nan ta kawo irinsa, ƙarshenta a baranda ya ƙare. In an samu wanda ya daɗe a rataye ya sha iska, ya fi sabon jiya.

Kada a cika shi. A naɗe shi fayau a sa a leda, ni zan cusa masa tsofaffin kayan yara a nan, na ma fara tarawa.

Na turo yuro 50, zai kama jika 32 da ƴan kai. A sayi tumtum, a biya kuɗin mota, abin da ya rage na goron Inna ne, ban ce na kiredin wayar wani ba. Ɗan Gwaggo na Yamai ya san mutumin da zai taso ran 15 ga Nuwamba ta Kazablanka, ya yarda zai riƙo mini. Don haka kaya ya bar Tawa kafin ran 10, kada a jira ranar ƙarshe. Hanyar Konni da Dogon Dutsi da Doso wuni ce guda in an yi sa'a, in ba a yi ba kuwa kun fi ni sani. A ba direba hannu da hannu, a kira ɗan Gwaggo a gaya masa lambar motar.

Wani abu kuma. Da muna hirar bikin, tsohuwar ta tambaye ni, ke mamanki yaushe ne nata? Na yi shiru. Na ce takardarki "née vers 1956" ta ce, wato wajen shekarar, kuma duk mai irin wannan takarda in ya zo nan 1 ga Janairu ake rubuta masa, shi ya sa rabin dattawanmu na nan rana ɗaya aka haife su. Ta yi ta dariya har da tari. Na ce mata ke ba da kalanda kike lissafi ba: kina goyon Yaya sojoji suka kifar da Diori, 1974 ke nan, ni kuma kin ce an haife ni damina ɗaya bayan yunwar El Buhari. Ta ce to ba a taɓa yi miki kyautar shekara ba ke nan? Na ce a'a. Na so in ce mata ke kuma ba ki taɓa cin tuwo ke kaɗai ba, ba a taɓa wuni ba a yi sallama a ƙofarki ba, sai na ga maganar za ta yi mata nauyi, na haɗiye. Ita in ba mu ƙwanƙwasa ba, sai ta kwana biyu ba ta yi magana da kowa ba sai telebijin.

Ta ce lallai in tambaye ki ko da lokacin ne, damina ko ɗari ko bazara, wai za ta zaɓa miki rana ta rubuta a kalandarta ta kicin. Ki tambayi Gwaggo, ita ta girme ki, wataƙila ta tuna. Kuma tana son hotonki. Auta, in an sayo, ka ɗauki Inna zaune a tsakar gida da tumtum ɗin a gabanta, da rana ba da dare ba, ta sa mayafinta mai ruwan bula. Zan wanke hoton in sa cikin katin da yara ke zana mata.

Inna ki ci gaba da sa mu a addu'a. Maganin gwiwa yana nan na saya, mutumin zai kawo shi in zai koma.

Ɗiyarki