Kan hoton libarbar nan da kuka buga

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na ga hoton tsohuwar libarbar Colt da kuka sa makon jiya, mai zanen ganye tun daga bakinta har mariƙa, kuma a ƙasan hoton kuka rubuta wai aikin Gustave Young ne. To ranka ya daɗe, ni jikan maƙeri ne, kurfi da 'yar guduma na taso ina gani, shi yasa na kasa yin shiru.

Masu zanen ƙarfe na wancan lokacin yawancinsu ba sa rubuta suna a jikin aiki, hannu ake ganewa, kamar yadda tsofaffin dillalan Kurmi za su ɗaga kube ko tasa su ce maka wannan daga gidan wane ta fito. Shi Young Bajamushe ne, ya yi wa kamfanin Colt aiki a Hartford ta Amurka wajen 1850 da wani abu, daga baya ya koma Smith & Wesson, kuma eh an san shi da zana kan kyarkeci a jikin kunamar bindiga, wato ƙarfen da ake ja baya da babban yatsa. Amma fa yana da yara a shagonsa masu kwaikwayon hannunsa, wasu ma a waje sun yi irinsa, kaga kan kyarkeci shi kaɗai ba hujja bane. Sannan in ƙirar 1873 ce kamar yadda na hango a hoton, ai lokacin Cuno Helfricht ne babban mai zane a Colt, daga 1871 har 1921, shekara hamsin cur.

Abin da ya kamata mai ita ya yi, ya duba lambar da ke jikinta ya rubuta wa kamfanin, suna bada takarda mai nuna ranar da ta fita, wa aka aika wa, da zane ta fita ko babu. Ko ita takardar ba kullum take faɗar sunan mai zanen ba. In babu zane ta fita to a waje aka yi, nan sai a waiwayi irin su Nimschke na New York, mutumin da in ya gama aiki sai ya shafa tawada ya danna takarda ya ajiye, wlh dabarar nan ta burge ni, da ita ake gwada aikinsa har yau. Kakana bai bar ko takarda ɗaya ba, takobin da ya zana ma gardama ake a gidanmu ko nasa ne ko na ƙanensa.

Dan Allah ku isar wa mai bindigar kar ya sa mata soson ƙarfe ko yashi wai yana so ta yi ƙyalli, ƙananan ɗigon da ke bayan ganyen su masana ke kallo da gilashin ƙara girma, in suka goge shikenan. Ku kuma a gyara rubutun ƙasan hoton.

Naku,
Mai karatu daga Ƙoƙi, Kano